DARASI A KAN KARANTAR DA YARA A GIDA DA KAN HANYAR TAFIYA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya sanya hanyoyi a cikinta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, darasinmu a kan abubuwa biyu yake: yadda mutum zai karantar da yaran gidansu a cikin gida, da yadda zai mai da tafiya da iyali ta zama makaranta. Wani zai ce, "Malam, ai ni ban yi aure ba tukuna." To, ba ka da ƙanne? Ba ka da 'ya'yan yayyenka da ke kiranka Baffa ko Kawu? Wanda ya yi aure kuwa, ga ɗansa nan yana rarrafe, gobe zai miƙe ya fara tambaya. Saboda haka maganar ta shafi kowa a cikinku.

FASALI NA ƊAYA: WA AKA ƊORA WA NAUYIN?

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, cewa a cikin Suratut Tahrim, aya ta 6, Allah Ya umurci muminai su tsare kansu da iyalansu daga wuta. Malaman tafsiri sun bayyana cewa tsarewar nan da karantarwa ne da ladabtarwa. A cikin Suratu Lukman kuma, daga aya ta 13 zuwa ta 19, Allah Ya ba mu labarin uba yana zaune da ɗansa yana yi masa wa'azi. Ya fara da tauhidi, ya bi da salla da haƙuri, ya ƙare da yadda ake tafiya a ƙasa da yadda ake sassauta murya. Ka ga ke nan darasin uba ya haɗa aƙida da ibada da ladabin zaman duniya.

Akwai kuma labarin da ya fi dacewa da ku. Bukhari ya ruwaito daga Maliku ɗan Huwairis, Allah Ya yarda da shi, cewa sun zo Madina su samari ne tsararrakin juna, suka zauna wurin Annabi (S.A.W.) kwana 20. Da ya ga sun yi begen gida, sai ya umurce su su koma cikin iyalansu, su zauna da su, su karantar da su. Ku lura, kwana 20 kawai suka yi. Bai ce su dakata sai sun zama manyan malamai ba. To, kai da ka shekara uku ko biyar kana zuwa Islamiyya, ka ƙare Ahlari da Ishmawi, ka hardace Arba'una Hadisi, mene ne hanzarinka?

A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an rufe makarantu na boko da na Islamiyya watanni da yawa. A nan asirin gidaje ya tonu. Gidan da aka saba zama da yara ana karatu, karatu bai tsaya ba. Gidan da aka sallama wa malamin makaranta kome da kome, yaro ya koma aji ya manta har baƙin da ya iya. A shekarar ce kuma gwamnonin arewa suka yi ta kwasar almajirai a manyan motoci ana mai da su jihohinsu, yara ƙanana, waɗansu sun daɗe rabonsu da ganin iyayensu. Wannan ya isa wa'azi ga mai hankali. Malamin makaranta mataimaki ne, amma amanar tana wuyan uba da wanda ya tsaya a matsayinsa.

Kada kuma a ware mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, ya zargi malaman zamaninsa a cikin littafinsa Nurul Albabi da cewa suna karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. In za ka shimfiɗa tabarmar karatu, ka shimfiɗa wa ƙanwarka kamar yadda ka shimfiɗa wa ƙanenka.

FASALI NA BIYU: ZAMAN KARATU A CIKIN GIDA

Abu na farko shi ne lokaci. Ka zaɓi lokaci guda wanda ba ya canzawa, ko tsakanin Magariba da Isha'i, ko bayan Asuba kafin a fita. Minti 20 ya ishi yaro ɗan shekara biyar ko shida. Ɗan shekara goma yana iya ɗaukar minti 40. Kaɗan da ake yi kullum ya fi mai yawa da ake yi sau ɗaya a wata, kuma ya tabbata a hadisi cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Abu na biyu, ka ajiye wayarka. Yaro ba ya sauraron mutumin da idonsa ke kan waya. In za a yi amfani da ita don jin ƙira'ar wani makaranci, a ji, sa'an nan a kashe ta.

Abu na uku, ka raba zaman kashi uku. Kashi na farko tilawa: kowa ya biya abin da ya hardace, sa'an nan a ƙara aya biyu ko uku. Ka karanta musu ma'anar da Hausa, ga tarjamar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi nan a hannun mutane, domin yaron da ya san ma'anar Suratul Fil ba zai manta ta da wuri ba. Kashi na biyu aiki da hannu: yau alwala, a kawo buta kowa ya yi a gabanka, gobe sahun salla, jibi ladabin cin abinci. Haka Annabi (S.A.W.) ya yi wa Umaru ɗan Abu Salama yana yaro, hannunsa na yawo cikin akushi, ya koya masa ambaton sunan Allah da ci da dama da cin abin da ke gabansa. A bakin akushin ya koya masa, bai jira wani aji ba. Kashi na uku labari: tarihin Annabawa, ko na sahabbai, ko na ƙasarku.

Hadisin Abu Dawuda ya nuna a fara umurtar yaro da salla yana ɗan shekara 7. Daga 7 zuwa 10 shekara uku ke nan, salla biyar kullum. Ka lissafa, ya fi salla 5,000 da za ka yi ta tunatar da shi cikin lallashi. Wanda ya tsallake wannan duka ya ɗauko dorina rana ɗaya, bai fahimci hadisin ba. Yaron da ake duka a kan karatu yakan tsani karatun da mai karantarwar gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali ake tanƙwarawa, in ba haka ba ya karye.

FASALI NA UKU: AYYUKA BAKWAI DA BA SA CIN KUƊI

1. Sanda da inuwa. Ka kafa sanda miƙaƙƙiya a tsakar gida inda rana ke bugawa. Tun da hantsi yara su riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwar bayan kowane ɗan lokaci. Za su ga inuwa tana gajarta, ta tsaya, sa'an nan ta fara tsawo ta wajen gabas. Wannan juyawar ita ce zawali, farkon lokacin Azahar. In inuwar ta ƙaru da tsawon sandar a kan abin da ya rage lokacin zawali, La'asar ta shiga. Da sanda ɗaya yaro ya koyi fiƙihu da awo da tafiyar rana.

2. Duban wata. Ku sami littafin rubutu, kowane dare yaro ya zana siffar watan da ya gani, ya rubuta kwanan watan Musulunci da na Turawa. Bayan wata ɗaya zai gane da kansa cewa watan Musulunci kwana 29 ne ko 30. Sai ka nuna masa cewa shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, watau ta gaza ta rana da wajen kwana 11, shi ya sa azumi yake zagayawa daga bazara zuwa hunturu zuwa damina. Suratu Yunus, aya ta 5, ta ambaci manzilolin wata da sanin ƙidayar shekaru da lissafi. Ka nuna masa Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki, ka gaya masa taurari alamu ne na hanya da lokaci, ba su san arzikin kowa ba, ba su san ajalinsa ba. Da haka ka rufe ƙofar boka da ɗan duba tun da wuri.

3. Shuka a gwangwani. Kowane yaro a ba shi gwangwani uku da ƙwayar wake. Ɗaya a ajiye a rana ana ba shi ruwa, ɗaya a rana ba ruwa, ɗaya a cikin duhun ɗaki ana ba shi ruwa. Bayan kwana goma su faɗi abin da suka gani. Na duhun zai yi tsawo, fari, siriri, ba ƙarfi. Ka tambaye su dalili, kada ka yi saurin ba su amsa.

4. Lissafin cefane. In za a aiki yaro kasuwa, ya rubuta abin da za a saya da kuɗinsa, ya haɗa jimla kafin ya fita, ya faɗi canjin da zai dawo da shi. A gida a ba shi mudu da gwangwani ya auna, ya san gwangwani nawa ke cika mudu. Daga nan sai ka shigo da maganar tauye mudu da abin da Suratul Muɗaffifina ta faɗa a kai. In Sallar azumi ta gabato, shi zai lissafa zakkar fidda kai ta mutanen gida, sa'i guda ga kowane mutum, watau mudun Nabiyyi huɗu.

5. Wasiƙa. Sau ɗaya a wata yaro ya rubuta wa kakarsa ko gwaggonsa wasiƙa, da boko ko da ajami. Ajami gadonmu ne, da shi malamanmu suka rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu tun kafin zuwan Turawa. Yaron da ya iya baƙaƙen Alƙur'ani, koyon ajami ba zai yi masa wuya ba.

6. Salsalar dangi. Ku ɗauki babbar takarda, ku rubuta sunan kaka a sama, ku yi ta sauka da 'ya'ya da jikoki, da garin da kowa yake. Yaya za a ce wa yaro ya sada zumunci alhali bai san wane ne danginsa ba?

7. Hira da dare. Kacici-kacici da karin magana suna wasa ƙwaƙwalwa, suna kuma gyara harshe. Ka karanta musu labari daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ka tsaya a tsakiya ka tambaye su yadda suke zaton zai ƙare. Abin da za ka kiyaye shi ne ka gaya musu wannan ƙagaggen labari ne, wancan kuwa tarihi ne da ya faru, kada su cakuɗa.

FASALI NA HUƊU: TAFIYA DA IYALI A SUNNA

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Alƙur'ani ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa domin lura a wurare da yawa, kamar Suratul Ankabut aya ta 20. A cikin Suratul Kahfi, daga aya ta 60, ga Annabi Musa (A.S.) ya fita neman ilmi tare da yaronsa, wanda hadisi ya bayyana cewa Yusha'u ɗan Nunu ne, har da guzurinsu na kifi.

Annabi (S.A.W.) ya kasance yana tafiya da iyalinsa. In zai fita yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ƙuri'a ta faɗa mata ita za ta bi shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya har tsere ya yi da Nana A'isha. Hadisi na 19 a cikin Arba'una, wanda da yawanku kun hardace, ku tuna a ina aka karantar da shi: Abdullahi ɗan Abbas yana bayan Annabi a kan abin hawa. Yaro ne, domin shekarunsa wajen 13 ne lokacin da Annabi ya yi wafati. Darasin tauhidi da tawakkali mai girma irin wannan, a bayan dabba aka ba da shi. A hajjin ban kwana kuma, a wani wuri da ake kira Rauha'u, wata mata ta ɗaga jaririnta ta tambaya ko yana da hajji, aka amsa mata cewa yana da shi, ita kuma tana da lada. Muslim ne ya ruwaito.

Magabata ma haka suka yi. Imamu Shafi'i an haife shi a Gaza a shekara ta 150 bayan Hijira, mahaifiyarsa ta ɗauko shi yana ƙarami ta kawo shi Makka. Imamu Bukhari an haife shi a shekara ta 194, ya fita hajji tare da mahaifiyarsa da wansa Ahmad yana ɗan shekara 16, daga nan ya zauna a Hijaz neman hadisi. Ku lura da abu ɗaya: iyayen nan tare da 'ya'yansu suka tafi. Akwai bambanci mai nisa tsakanin wannan da a ɗora yaro ɗan shekara shida a mota da ƙoƙo a hannu, a ce ya tafi Gabas, ba guzuri ba mai duba shi.

FASALI NA BIYAR: KAFIN A FITA

Ka fara da niyya. Tafiyar sada zumunci ibada ce, tafiyar ganin ayoyin Allah ibada ce. Kada ka ci bashi domin yawon buɗe ido, kada kuma ka kai yara wurin da za ka ji kunyar abin da idonsu zai gani.

Sa'an nan ka shigar da yara cikin shirin. Ku zana hanyar a ƙasa da tsinke, ko ku duba taswira a waya. A ce daga Kano za ku Zariya, wajen kilomita 160 ke nan. Ka tambayi babban: in mota tana cin kilomita 80 a awa, awa nawa za mu yi? Ka tambaye shi kuma: tafiyar nan ta kai ta ƙasaru? A mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru mil 48 ne, watau wajen kilomita 80. Ke nan Zariya ta kai, amma daga Kano zuwa Wudil ba ta kai ba. Ka koya masa cewa Azahar da La'asar da Isha'i su ake mayarwa raka'a biyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke, kuma ba a fara ƙasaru sai an wuce gidajen gari. In matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, sai ya cika salla. Babin da yake wahalar da ɗalibi a Iziyya, a tasha ɗaya yaro zai riƙe shi.

Ka raba aiki. Wannan shi ne mai kula da buta da darduma, wannan mai rubuta sunayen garuruwan da aka wuce, wannan mai riƙe da lissafin abin da aka kashe. Hadisin Abu Dawuda ya ce in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ka bayyana musu hikimar wannan, wata rana ma ka ba babban yaron shugabancin ƙannensa a ƙarƙashin idonka.

Maganar tsaro kuwa ba ta wasa ba ce. Wanda ya ce ya yi tawakkali ya ƙi ɗaure raƙuminsa, ya saɓa wa Sunna. A shekarun nan waɗansu hanyoyin arewa sun yi fama da masu garkuwa da mutane, har jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna an kai masa hari a watan Maris na 2022. Saboda haka ka tambayi direbobin tasha da mutanen garin da za ka kafin ka ɗauki yara. Ku yi sammako, ku isa da rana, kada ku yi tafiyar dare. Kada ka shiga motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima domin rangwamen naira kaɗan. Yaro ƙarami a kujerar baya yake zama, ba a kan cinyar na gaba ba. In direba yana gudun wuce sa'a ka yi masa magana da ladabi, in ya ƙi ku sauka. Ka ɗauki ruwa mai tsabta, da gidan sauro, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa, domin gudawa tana ƙarar da ruwan jikin yaro cikin sa'o'i kaɗan. Ka rubuta sunanka da lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro.

FASALI NA SHIDA: A KAN HANYA DA INDA AKA SAUKA

In an hau mota a yi addu'ar hawa, wadda asalinta ke cikin Suratuz Zukhruf aya ta 13 da 14, a yi ta da ƙarfi yara su maimaita. Ya tabbata cewa sahabbai suna kabbara in sun hau tudu, suna tasbihi in sun gangara. Yara suna son wannan ƙwarai, sai ka ga suna rige-rigen hango tudu.

Ka sa su duba taga. Wanda ya taso daga Katsina ko Maraɗi ya nufi kudu zai ga ƙasa tana canzawa a gaban idonsa: daga rairayi da gawo da goriba da gonakin gero, zuwa ɗorawa da kaɗanya da gonakin dawa da masara, zuwa duwatsu da doya a wajen Kaduna da Abuja. Ka tambaye su me ya sa, har ku kai ga maganar yawan ruwan sama. Ka nuna musu gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. In lokacin salla ya yi, su nemo alƙibla da kansu. A ƙasar Hausa alƙibla gabas ce mai ɗan karkata zuwa arewa.

Wuraren zuwa kuwa suna da yawa, kuma mafi yawansu kuɗin shiga kaɗan ne ko babu. A Kano ga Dutsen Dala, in kun hau za ku ga tsohon birni a ƙasanku. Ga gidan tarihi na Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata, ga kasuwar Kurmi wadda ake danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan mulki. A Katsina ga hasumiyar Gobarau. A Daura ga rijiyar Kusugu, a nan ne za ka nuna wa yaro bambancin labarin da aka gada a baki da tarihin da aka tabbatar. A Kaduna ga Gidan Arewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna. A Agadas ga masallacin ƙasa mai doguwar hasumiya, wanda asalin gininsa na ƙarni na 16 ne. Mai son yaransa su ga aikin injiniya ya kai su madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, su ga yadda ruwanta ke shayar da gonakin rani a Kadawa, ko ya ba su labarin ta Kainji da aka gama a 1968 a kan kogin Kwara, inda ruwa ke juya injin da ke ba da lantarki. A Lakwaja kogin Kwara da na Binuwai suke haɗuwa. A Yankari ta jihar Bauchi akwai giwaye da ruwan ɗumi na Wikki.

In kun je Sakkwato kun shiga Hubbare, ka koya musu ziyarar kabari yadda Sunna ta zo da ita: a yi sallama, a yi wa mamaci addu'a, a tuna lahira. Roƙo kuwa Allah kaɗai ake roƙo. Sa'an nan ka ba su labarin hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, da littattafan da shi da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka bari.

Wanda ba shi da kuɗin mota kada ya ce an bar shi a baya. Ka kama hannun ƙanenka ka kai shi maƙera ya ga yadda ake hura zuga-zugi, ka kai shi wurin masaƙi ko majemi, ka kai shi gona ranar girbi. Kuma tafiyar da ta fi kowace albarka ita ce zuwa ƙauye wurin kakanni. A can yaro zai ga rumbu da turmi da rijiya, ya koyi gaisuwa da ladabi, ya ji tarihin gidansu daga bakin waɗanda suka gani. Ka ɗauki muryar tsohuwa a waya in ta yarda, domin in ta tafi ba za ka sami wannan labarin a wani littafi ba.

FASALI NA BAKWAI: BAYAN AN DAWO

Hadisi ya nuna cewa tafiya yanki ce ta azaba, in mutum ya biya bukatarsa ya gaggauta komawa gida. Kada ka ja tafiya har yara su gaji su tsane ta. Kwana biyu ko uku masu daɗi sun fi mako guda na wahala. Ka sanar da mutanen gida lokacin isowarku, ka riƙo 'yar tsaraba ko da ƙuli-ƙuli ne.

Washegari a zaman karatu kowane yaro ya tashi ya ba da labarin tafiyar. Ƙaramin ya faɗi abu uku da ya gani. Na tsakiya ya zana hanyar da garuruwanta. Babban ya rubuta shafi guda, ya kuma kawo lissafin kuɗin da aka kashe, a duba ko ya yi daidai da abin da ya rage a aljihu. A ajiye takardun nan a wuri guda. Bayan shekara biyar za ku ga littafi ya haɗu, rubutun 'ya'yanku da hannunsu.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Wane umurni Annabi (S.A.W.) ya ba Maliku ɗan Huwairis da abokansa, kuma kwana nawa suka yi a wurinsa?
2. Yaya za ka nuna wa yaro shigar Azahar da La'asar da sanda?
3. Mutum ya tashi daga Kano zuwa Zariya da niyyar kwana biyu. Waɗanne salloli zai yi wa ƙasaru, kuma daga ina zai fara?
4. Kawo bambanci tsakanin tafiyar Imamu Bukhari da mahaifiyarsa da tura ƙaramin yaro wani gari shi kaɗai.
5. Rubuta sunayen yaran da ke gidanku, da lokacin da za ka fara zama da su a cikin makon nan, ka kawo wa malaminka a darasi mai zuwa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su sanyin idanunmu, Ya kiyaye matafiyanmu a kan hanya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa baki ɗaya, Ya kuma ba mu ikon aiki da shi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.